Nana Asma'u 'Yar Shehu

Idan mutum ya tashi daga Yelwan Yauri ya nufi arewa, ya bi ta Koko da Jega da Tambuwal, hanyar nan za ta kai shi birnin Sakkwato. A cikin tsohon gari akwai wani wuri da ake kira Hubbare, nan ne aka binne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ba a raba wurin nan da baƙi, rani da damina, waɗansu daga kusa, waɗansu daga ƙasashe masu nisa. Mata masu ziyara kuwa, in sun gama addu'a a kabarin Shehu, sukan nemi a nuna musu inda 'yarsa Nana Asma'u take kwance, gama kabarinta yana nan kusa da na mahaifinta.

Wannan baiwar Allah ta sami girma ta kowane gefe. Ubanta Shehu ne, wanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, mijinta Waziri, ɗanta kuma Waziri. To, yara, 'ya'yan manya suna da yawa a duniya, amma kaɗan ne ake tunawa da su bayan sun shuɗe. Bari mu ga abin da Nana Asma'u ta yi da girman nan nata, har ya zama yau fiye da shekara 160 da rasuwarta ba a bar ambatonta ba.

Haihuwarta da Ƙuruciyarta

An haifi Nana Asma'u wajen shekarar 1793, a wani ƙauye da ake kira Degel, cikin ƙasar Gobir. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta namiji. Aka raɗa wa namijin suna Hassan. Bisa al'ada, ita sai a ce mata Husaina, amma Shehu ya sa mata Asma'u, watau sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abinci a cikin kogo lokacin hijira. Nana kuwa laƙabi ne na girmamawa.

Tana 'yar ƙarama mahaifiyarta ta rasu, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, suka yi mata tarbiyya kamar 'yar cikinsu. Gidan da ta tashi ba gidan dukiya ba ne. Shehu ba ya son tara kayan duniya, mutanen gidansa su ke yin aikinsu da hannunsu. Saboda haka Asma'u ta koyi ɗebo ruwa, da daka, da girki, da kaɗi, kamar sauran 'yan matan ƙauye.

Abin da ya bambanta Degel da sauran ƙauyuka shi ne karatu. Almajirai suna ta zuwa daga gabas da yamma don su ɗauki ilimi wurin Shehu da ƙanensa Abdullahi. A zamanin nan kuwa malamai da yawa sukan koyar da almajiransu a zaure, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun kai. Shehu ya ƙi wannan hali ƙwarai, har ya yi wa masu yinsa faɗa a cikin wani littafinsa mai suna Nurul Albab. A wurin wa'azinsa ma yakan ware wa mata nasu gefe don su ji.

Da haka Asma'u ta fara da allo kamar kowane yaro. Ta yi babbaƙu, ta yi farfaru, ta sauke Alƙur'ani, kana ta haddace shi. Daga nan ta shiga littattafai, ta karanta tauhidi da fiƙihu da hadisi da nahawu da tarihi. Fillanci ne harshen gidansu, ta ji Hausa wurin maƙwabta, ta koyi Larabci wurin karatu, ta kuma iya harshen Azbinawa. Kun ga harshe huɗu ke nan. Da ma Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Hijira

Da jama'ar Shehu suka yi yawa, sai sarakunan Gobir suka fara jin tsoron kada mulki ya fita hannunsu. Sarki Nafata ya kafa dokoki masu tsanani a kan masu bin Shehu. Da ɗansa Yunfa ya hau gado, sai al'amari ya ƙara ɓaci, har zama ya gagara. A cikin watan Fabrairu na 1804 Shehu ya tashi daga Degel da jama'arsa, suka yi hijira zuwa wani wuri da ake kira Gudu. A lokacin nan Asma'u tana da shekara 11.

Ku tsaya ku yi tunani, yara. Yarinya kamarku ta bar gidan da aka haife ta, ta bar rijiyar da ta saba ɗebo ruwa, ta bi ayari cikin daji ba ta san ranar komowa ba. An bar kaya da yawa a Degel, amma ba a bar littattafai ba. Wani Ba'azbine mai suna Agali, masoyin Shehu, ya taimaka da raƙuma, aka ɗora musu littattafan. Asma'u ta ga wannan da idonta, ta gane darajar da takarda take da ita wurin mahaifinta.

Ba a daɗe a Gudu ba yaƙi ya tashi. A cikin watan Yuni na 1804 aka yi karo a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. Amma kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, mutane masu yawa suka mutu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani. Bayan wannan ga yunwa, ga ciwo, ga tafiya kullum daga wannan sansani zuwa wancan. Mata su ke jinyar masu rauni, su ke neman abin da za a sa a tukunya, su ke rarrashin marayu. Cikinsu Asma'u ta girma, abin da ta gani kuwa bai fita ranta ba har tsufanta.

Zaman Gwandu

A 1805 aka ci Birnin Kabi, Shehu da jama'arsa suka koma Gwandu, wadda take cikin Jihar Kebbi ta yanzu. A shekarar nan kuma aka yi yaƙin Alwasa, aka sha wuya ƙwarai, har abokan gaba suka iso bakin Gwandu kafin a kore su. Sai a 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, sa'an nan hankali ya fara kwanciya.

A Gwandu ne aka aurar da Asma'u ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima. Shi Giɗaɗo malami ne, kuma babban aminin wanta Muhammadu Bello. Allah ya albarkaci auren nan da 'ya'ya maza, babbansu shi ne Abdulƙadir.

Ƙasarmu ta Yauri ma labarin nan ya shafe ta. Sarkin Yauri na wancan zamani, Muhammadu Albishir ɗan Ayi, ya yi amana da jama'ar Shehu, aka bar shi bisa sarautarsa. Sa'ad da Shehu ya raba kula da ƙasa biyu, ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma, sai Yauri ta faɗa wajen Gwandu.

A 1809 Bello ya kafa birnin Sakkwato. Shehu ya zauna Sifawa 'yan shekaru yana koyarwa yana rubutu, kana ya koma Sakkwato a 1815. A nan Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Jama'a suka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi, shi kuwa ya naɗa Giɗaɗo Waziri. Asma'u tana da shekara 24, sai ga ta ƙanwar Sarki, matar Waziri.

Littattafan Shehu

Mace a irin wannan matsayi, in ta so, sai ta zauna ta huta, bayi suna yi mata fifita. Asma'u kuwa sai ta ɗauki wani babban aiki. Shehu ya rubuta littattafai da waƙoƙi masu yawan gaske tun yana saurayi, amma yawon yaƙi ya sa sun warwatse. Waɗansu suna hannun almajirai, waɗansu sun yage, waɗansu takardunsu sun cuɗe da na waɗansu.

Ku sani, a zamanin nan babu injin buga littafi a ƙasar Hausa. Kowane littafi da hannu ake rubuta shi, da alƙalamin kara da tawada. Takarda kuwa fatake ke kawo ta bisa raƙuma, su ƙetare Sahara da ita daga wajen Tarabulus, don haka tana da tsada. Ba a ɗinke littafi kamar naku na makaranta. Warƙa-warƙa ake jera shi, a sa cikin tadarishi na fata, a ɗaure, a saka cikin gafaka. In iska ta watsa takardun, ba mai iya mai da kowace wurinta sai wanda ya san littafin sarai. Ga gara, ga ruwan sama, ga gobara, kowannensu yana iya cinye aikin shekara goma a dare ɗaya.

Asma'u ta zauna ta bi takardun nan, tana tarawa, tana jerawa, tana sa a juya waɗanda suka tsufa. Aikin ya ci shekaru, ga kuma hidimar gida da renon 'ya'ya. Da ba a sami mai haƙuri da sani irin nata ba, da da yawa daga cikin rubutun Shehu bai iso gare mu ba.

Waƙoƙinta

A 1820, tana da shekara 27, ta rubuta wani littafi da Larabci mai suna Tanbihul Gafilin, a kan halayen da ke kai mutum ga tsira. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba har kusan ƙarshen ranta. Abin da ya iso gare mu na rubutunta ya kai wajen guda 60, mafi yawansu waƙoƙi ne.

Tana da wata dabara mai kyau. Takan duba wanda take so ya ji maganarta, sa'an nan ta zaɓi harshe. In da malamai take, sai ta yi Larabci. In da danginta Fulani ne, sai ta yi Fillanci. In kuwa talakawa take nufi, mazauna birni da ƙauye, sai ta yi Hausa, ta rubuta da ajami, watau Hausa da baƙaƙen Larabci.

Me ya sa ta fi son waƙa? Domin mafi yawan mutane a lokacin nan ba su iya karatu ba, waƙa kuwa tana da saurin shiga kai. Mace tana iya rera ta tana daka, ko tana kaɗi, ko tana goyon ɗa, maƙwabciyarta ta ji ta ɗauka. Ga misali. Surorin Alƙur'ani 114 ne, riƙe sunayensu a jere yana da wuya. Sai Asma'u ta shirya su duka cikin 'yar gajeriyar waƙa mai baiti 30. Ta yi ta da Fillanci a 1829, daga baya aka sami ta Hausa a 1838. Wanda ya haddace waƙar ya san sunan kowace sura da wurinta.

A 1831 ta mai da wata waƙar Shehu daga Fillanci zuwa Hausa, ita ce ake kira Tabbat Haƙiƙa. Waƙar nan gargaɗi ce ga masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci da cin hanci da tauye mudu. Ku lura, danginta ne ke riƙe da mulki sa'ad da ta yi wannan aiki, duk da haka ta sa gargaɗin cikin harshen da talaka zai ji, don ya san haƙƙinsa. Ƙanenta Isa ya ƙara wa waƙar baitoci, har yau kuwa ana rera ta.

Ta yi waƙar tarihin hijira da yaƙe-yaƙen da ta gani, wadda ake kira Waƙar Gewaye da Hausa. Ta yi ta yaƙin Gawakuke, wanda Bello ya yi nasara a 1836. Ta yi ta begen Annabi, da ta roƙon ruwa lokacin fari. Ta kuma yi wata wadda ta jera sunayen mata salihai, tun daga matan Annabi da 'ya'yansa har zuwa matan zamaninta, don mata su san suna da magabatan da za su yi koyi da su.

Akwai kuma waƙoƙin makoki. Ta yi wa Bello, da mijinta, da yayarta Faɗima. Amma ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, mai kirki da son zumunci. Ta yi wa wata mata Zaharatu, wadda takan je ta taimaki mata wurin haihuwa, ta kuma yi wa gawa wanka, ko da dare ko da rana. A cikin waƙoƙin nan ba ta yabon kowa don dukiya ko asali. Haƙuri take yabo, da gaskiya, da kyauta, da taimakon mutane. Ba don ita ba, da ba wanda zai san sunan waɗannan bayin Allah yau.

'Yan Taru

Yanzu mun zo ga aikinta mafi girma. Yaƙi ya ƙare da cin birane, amma cin birni dabam, gyaran zukata dabam. Ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno sun cika da mata, waɗansu an kamo su wurin yaƙi, waɗansu mazansu sun mutu, waɗansu an raba su da garuruwansu. Mafi yawansu ba su san ko yadda ake alwala ba. In ciwo ko baƙin ciki ya same su, sai su nufi wurin 'yan bori, gama shi suka gada, ba su kuwa da wani wurin zuwa. Asma'u ta gane cewa tsawa da horo ba za su raba su da wannan ba. Sai an ba su abin da ya fi shi, an kuma nuna musu ƙauna. Ta kuma san cewa in uwa ta zauna cikin jahilci, 'ya'yanta ma haka za su tashi.

To, ga wuyar al'amarin. Matan aure ba su da halin barin gidajensu su tafi birni neman karatu, ita kuma ba ta iya zaga ƙauyuka duka. Yaya za a yi?

Ga dabarar da ta yi, wajen ƙarshen zamanin Bello. A kowane ƙauye sai ta nemi wata dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen garin suka yarda da ita, ta naɗa ta shugaba. Ana kiran wannan shugaba jaji, kamar yadda ake kiran mai jan ayarin fatake. Jaji takan tattara tsofaffin mata waɗanda suka gama haihuwa, da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, gama su ne ke da halin tafiya. Sai ta ja su a ƙasa har gidan Asma'u a Sakkwato. Waɗannan mata su ake kira 'Yan Taru, watau masu taruwa.

In sun iso, Asma'u takan sauke su, ta ba su ruwa da abinci, ta saurari damuwar kowace. Sa'an nan ta koya musu waƙoƙin nan nata baiti-baiti, tana yi musu bayani, har su haddace. Takan koya musu salla da azumi, da tsabta, da haƙƙin miji a kan mata da na mata a kan miji, da zaman lafiya da maƙwabta, da kula da marasa lafiya. Bayan 'yan kwanaki sai su koma gida, su shiga gida-gida suna koya wa matan aure abin da suka ɗauko. Da haka karatu ya isa wurin macen da ba ta taɓa taka ƙofar birni ba.

Akwai wata hikima kuma a cikin naɗin jaji. A ƙasar Gobir akwai wata babbar mace 'yar gidan sarauta da ake kira Inna, ita ce shugabar 'yan bori, takan sa malfa don a san matsayinta. Mata sun saba ganin malfa a kan mace mai iko. Saboda haka in Asma'u za ta naɗa jaji, sai ta ba ta malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Duk inda jaji ta bi, mutane suka hangi malfar nan, sun san jakadiyar 'yar Shehu ce, sai su ba ta hanya, su girmama ta. Kun ga ta ɗauki abin da mutane suka sani, ta ba shi sabuwar ma'ana.

'Yan Taru ba su zuwa hannu sake. Sukan kawo hatsi, da zuma, da man shanu, da zare, da ƙyalle, kowace gwargwadon ƙarfinta. Asma'u kuwa ba ta tara kayan nan don kanta. Takan raba wa makafi da kutare da gwauraye da marayu. Saboda wannan hali mutane suka riƙa kiranta Uwar Gari. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, ta yi mata waƙar makoki, ta ambaci yadda ta yi shekaru tana jawo mata zuwa karatu ba gajiya.

Gidan Waziri

Gidan Waziri Giɗaɗo masaukin manyan baƙi ne. A 1824 wani Bature mutumin Birtaniya mai suna Kilafaton ya zo Sakkwato wurin Bello, Giɗaɗo ne ya kula da shi. Ya sake komowa bayan shekara biyu, ya mutu a Sakkwato a 1827. Malamai kuma suna zuwa daga ƙasashen Larabawa da na yamma. Sunan Asma'u ya kai nesa, har wani malami daga ƙasar Shingiɗi, wadda take cikin Muritaniya ta yanzu, ya zo, ta yi masa maraba da waƙar Larabci. Ita da Bello kuwa sukan yi wa juna rubutu a kan al'amuran ilimi, yana girmama saninta ƙwarai.

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Rasuwar nan ta girgiza Asma'u, gama shi wa ne, malami ne, kuma abokin shawara. Daga nan ita da mijinta suka ga waɗanda suka san Shehu da idonsu suna ta ƙarewa, yara masu tasowa kuwa ba su san wahalar da aka sha ba. Sai suka ɗauki aikin rubuta tarihi. Giɗaɗo ya rubuta littattafai da Larabci a kan halin Shehu da na Bello, ɗaya daga cikinsu shi ne Raulul Jinan. Asma'u kuma ta sa labarin cikin waƙa don waɗanda ba su jin Larabci. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji ubansa, ya zama Waziri a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello.

Rasuwarta

Asma'u ta yi tsawon rai. Ta ga mutuwar mahaifinta, da baffanta Abdullahi na Gwandu, da wanta Bello, da mijinta, da ƙawayenta da yawa. Ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan Shehu, watau Bello, da Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku. Duk da tsufa ba ta bar koyarwa ba, tana kusa da shekara 70 ma tana shirya sababbin waƙoƙin Hausa domin 'Yan Taru.

Allah ya yi mata rasuwa wajen 1864, tana da shekara 71 ko kusa da haka. Aka binne ta a Hubbare kusa da Shehu. Ƙanenta Isa ya yi mata waƙar makoki, ya ambaci yawan mutanen da suka yi kukan rashinta. Allah ya jiƙanta, ya kyautata makwancinta.

Abin da Ta Bari

Aikin da aka kafa da kyau ba ya mutuwa tare da mai shi. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta taɓa zaman aure a gidan Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, bayanta kuma waɗansu matan gidan Shehu suka ci gaba. A 1903 Turawa suka ci Sakkwato, sarauta ta sake kama, amma jajis ba su bar jan ayarinsu ba, waƙoƙin kuma ba su fita bakin mata ba.

Takardunta kuwa zuriyarta ne suka adana su, gama Wazirin Sakkwato daga gidanta yake fitowa. Waziri Buhari, wanda Turawa suka tarar, jikanta ne. Ɗansa Waziri Junaidu, babban malamin nan da ya rasu a 1997, shi ya riƙe littattafan gidan. Wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, ta yi shekaru tana nazarin takardun nan a wurinsa. A 1989 ta fitar da littafin tarihin Asma'u da Turanci. A 1997 kuma ita da wata malama Ba'amurkiya, Beverly Mack, suka tattara rubuce-rubucenta cikin babban littafi guda. Ta haka mutanen Turai da Amurka suka san ta, har waɗansu mata Musulmi a Amurka suka kafa ƙungiyar karatu suka sa mata suna 'Yan Taru. A nan gida kuwa an sa wa makarantun 'yan mata da yawa sunanta.

To, yara, kun ji labarin Nana Asma'u. Ta yi karatu cikin yunwa da gudun hijira, ku kuwa kuna yinsa cikin aji, ga allo, ga littafi bugagge, ga malami a gabanku. Ku 'yan mata, in wani ya ce muku karatun mace baƙon abu ne a ƙasarmu, ku ba shi labarin nan. Ku samari kuma, in Allah ya ba ku girma, kada ku hana ƙannenku mata da 'ya'yanku abin da Shehu ya ba 'yarsa. Abin da kuka koya yau kuwa, in kun koma gida ku koya wa wanda bai sami zuwa makaranta ba, ko a Ngaski yake, ko a Shanga, ko cikin tsibiran Kwara. Haka 'Yan Taru suka yi.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Nana Asma'u, kuma a wace shekara?
2. Harsuna nawa ta iya? Ku faɗi sunayensu.
3. Shekarunta nawa sa'ad da aka yi hijira zuwa Gudu?
4. Me ya sa adana littattafai yake da wuya a zamaninta?
5. Don me ta fi son koyarwa da waƙa?
6. Wace ce jaji, kuma mene ne aikinta?
7. Me ya sa mutane suka kira ta Uwar Gari?
8. Ku zana taswira, ku nuna Yelwa da Gwandu da Sakkwato da Wurno.